Sunayen Adoyo Uku

Uyoma, bakin tafki,
9 ga Fabrairu.

Zuwa ga 'yata Adoyo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗalibanki da duk mai yi miki alheri a Nairobi. Yaya jiki? Yaya cikin naki? In kin tambaye ni, ina nan yadda kika bar ni, sai dai gwiwar hagu ta fara gaba da tudun coci. Kifi ya yi ƙaranci bana. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu, namiji.

Nyaseme, matar marigayi ƙanena, ta dawo daga kai kifi Nairobi ran Talata da saƙonki, har tana tura mini wayarta a kunne wai in yi magana da ke. Na ƙi. Kunnena ba ya kama muryar waya, kuma zancen da ba a iya ninkewa a sa a aljihu ban ɗauke shi zance ba. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, kin sani. Shekara arba'in na yi ina rubuta sunaye a goshin jiragen ruwan da na sassaƙa, a can na koyi baƙaƙe. In rubutuna ya yi miki ɓaro-ɓaro, ki yi haƙuri, don a hango shi daga tsakiyar tafki aka koye shi.

Ga abin da na fahimta daga bakinta. Gwamnati na yankar haraji daga albashinki duk wata. Akwai doka da ta ce a ɗauke wa mai nakasa. Likitoci za su zauna a kanki, suna son shaidar cewa ciwon hanjin nan ya daɗe, ba jiya ya faɗo ba. Shi ne kika tuna da littattafan asibitinki na ƙuruciya, kika ce in ba Nyaseme ta kawo miki.

Suna nan. Goma sha ɗaya ne cif. Littafin 'yan makaranta ne da nake saya a kanti in raba biyu da reza, malamin asibiti ya yi rubutunsa a ciki, in dawo da shi gida a cikin hulata. Suna ƙasan akwatin ƙarfe, naɗe cikin ɗankwalin mahaifiyarki na zuwa coci, da ganyen darbejiya saboda gara. Asibitin ya canja rufi sau biyu, malamansa sun mutu ko sun watse, amma shafi ɗaya bai ɓace a hannuna ba.

Sai dai kalmar nan, nakasa, ta tsaya mini a wuya. Ni ke jero zuriyar kakanmu Magak a duk jana'iza, har kaka na tara, ban taɓa tsallake mutum ba. An yi mana makaho ɗaya, gurgu biyu, da wanda kada ya cire wa hannu. Ke da ƙafafunki biyu, kina tsayawa gaban yara sittin su yi tsit, ki kai kanki a rubuta ki nakasasshiya saboda kuɗi? Da na faɗa wa Nyaseme haka, sai ta ajiye kwandonta ta ce, "Baban Adoyo, kai da ko harajin kasuwa sai an kewaye ka ta bayan rumfa, yau kai ne mai kishin asusun gwamnati?" Bakin matar nan shi ya tura ƙanena kabari da wuri, ba ciwon suga ba.

To, ki ji. Ba zan ba ta su ba. Takarda mai shekara ashirin da bakwai ba ta tafiya cikin kifi. Mai so ya zo ya ɗauka da hannunsa. Shekara biyar ke nan da muka binne mahaifiyarki Dorsila, kika tafi tun ba a kwashe kujeru ba, ba ki sake taka gidan nan ba. Kuɗi kina aikowa, na gode, amma kuɗi ba ya cewa sannu. Mangwaron da kika dasa ya fi ɗakin girki tsawo. Bara na hana kowa taɓa reshen da ke kallon ƙofa, har 'ya'yan suka ruɓe a sama.

Ki gai da kanki. Allah ya tsare.

Mahaifinki,
Elkana Opondo Magak.


Uyoma,
14 ga Maris.

Zuwa ga Akumu, Uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta baya. Ina fata kina lafiya, cikin kuma ya lafa. Nan ruwan sama ya sauko, mun shuka dawa da wake. Ban ga amsarki ba. Na ga dai aikinki.

Ashe kin haɗa baki da Nyaseme. Ina bakin tafki ina toshe wa wani jirgi, ta shiga ɗakina da rana tsaka, ta buɗe akwatina, ta ɗauki hoton bangon littattafan da wayarta ta tura miki. Ɗaurin da ta yi wa ɗankwalin ne ya tona ta, don ba ta iya ƙullin masunta ba. Ban yi mata magana ba kwana huɗu. Rana ta biyar ta zo da kunu ta ce, "Sha, tsoho, fushi ba ya cika ciki. Kuma satar ma ba ta yi riba ba." Wai kin kai hotunan, matar da ke karɓar takardu ta duba ta ce waɗannan littattafan mutum uku ne, ɗayansu ma namiji. Wai har ta tambaye ki ko a kasuwa kika sayo su.

Wannan jahilci ne na masu ilimi. Bari in warware miki, tun da a lokacin ba ki da wayon riƙewa.

Adoyo shi ne sunan haihuwarki, sunan wadda aka haifa lokacin noma, don a tsakiyar noman firi kika zo, mahaifiyarki ta ajiye fartanya da hantsi ta haife ki kafin azahar. Shi ke kan littattafai huɗu na farko. Ciwon ya fara kina da shekara tara, shekarar da kainuwa ta rufe tafki har jirage suka yi wata uku a kan yashi. Gudawa da jini, ki rame har in ƙirga haƙarƙarinki daga ƙofa. A asibiti suka ce tsutsa ce, suka ce taifot ce, aka sha magani, a banza. Sai gwaggona ta yi mafarki da mahaifiyata, Akumu, tana tsaye a bakin rumbu tana cewa ta haifi bakwai amma ba wanda ya tayar da sunanta. Muka yanka kaza, muka kira ki Akumu. Da muka koma asibiti malamin ya tambayi suna, zan ba shi wanda muka ajiye ne? Na ba shi mai aiki. Shi ke kan littattafai huɗu na biyu, kuma tun ranar nake kiran ki Uwata. Kika samu sauƙi shekara biyu cur, har kika yi kumatu. Masu ilimi su faɗa mini dalili.

Na uku, Obondo, sunan kakana ne da tafki ya ci. Kina da sha huɗu ciwon ya dawo. Sunan namiji a kan mace ba baƙon abu ba ne a wurinmu, matacce in yana neman wurin zama ba ya duba wando ko zane. Littafi uku ke nan. Haɗa ki gani, sha ɗaya.

Na je wurin cif ɗinmu, wato dagaci, yaron nan Onyuka, wanda na sassaƙa wa ubansa jirgi. Ya ce abu mai sauƙi ne. "Baba, ka yi takardar rantsuwa cewa sunanta na gaskiya shi ne na katin ɗan ƙasa, sauran biyun na bogi ne, in buga hatimi." Na ce, "Onyuka, wanne ne na bogin, uwata ko kakana?" Ya ce, "Baba, haka ake rubutawa ne kawai." Na ce, "To haka ake tashi kawai." Na ɗauki sandata.

Maganata tana nan inda take. Ki zo. Mu je gaban Onyuka tare, ya ga mutum ɗaya da idonsa, in kira sunayen uku ki amsa. Wace rantsuwa ta fi wannan? Motar safe tana isowa kafin la'asar. Zan sa a kama miki karfasa mai rai, a yi tuwon dawa mai laushi irin wanda kike so.

Wani lokaci da yamma in garken ya shigo, nakan ji kamar an ce "Baba" daga wajen shingen. Tsufa ne, na sani. Amma nakan juya.

Naki,
Mahaifinki Opondo.


Uyoma,
20 ga Afrilu.

'Yata,

Ina gaishe ki. Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarki ba, tun da yanzu na san abin da nake tambaya. Duk da haka, yaya kika kwana, yaya kika tashi?

Takardarki ta zo, shafi shida. Kwana uku na yi ina karanta ta, don rubutunki ƙanana ne, kuma ina kaiwa wani wuri sai in tashi in zaga gona.

Ni abin da aka gaya mini shekara takwas da suka wuce shi ne an yi miki aiki, an dace. Ban san an cire hanjin ba. Ban san an buɗe miki ƙofa a gefen ciki an manna jakar da bayan gida ke taruwa a ciki ba, kuma da ita za ki zauna har ƙarshe. Kin ce ke kika roƙi mahaifiyarki ta ɓoye mini. Ta riƙe amana, har ƙasa. Na kira Nyaseme na ce ta yi mini bayani kamar yaro. Ta ɗauko ledar sukari ta ɗora a cikinta ta nuna mini. Ta ce jaka ɗaya kuɗin karfasa uku ne manya, kuma in wata ya yi nisa kina wanke tsohuwa ki sake mannawa har fatar ta saɓule. Ta ce harajin da suke yanka zai saya miki na wata guda har da ragi. Na ce me ya hana ta faɗa mini tun farko? Ta ce, "Yaushe ka taɓa barin mutum ya kai ƙarshen zance?" Yau na bar ta ta kai ƙarshe.

Sai ranar jana'iza. Ni abin da na riƙe shekara biyar shi ne na miƙa miki naman sa a gaban dangi kika kau da kai. Ke abin da kika riƙe daban. Mutum ɗari biyu, masai ɗaya mai ƙofar buhu, layi har gindin mangwaro. Zafin rana ya saki mannin jakar kina tsaye a bakin kabarin uwarki. Kika je bayan shingen da ruwa kofi ɗaya. Kika dawo kina addu'a kada kowa ya matso kusa da ke, sai ga ni da akushi. Kin tuna abin da na ce, ni ma na tuna. Na ce, "Ku gani, Nairobi ta koya mata ƙyamar naman jana'izar uwarta." Aka yi dariya. Ni da ake cewa ba na mantuwa, ashe rabin ranar kawai na ajiye.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai abin da na bari a takardata ta baya.

Mafarkin gwaggona gaskiya ne. Amma Obondo bai zo wa kowa a mafarki ba. Ki buɗe littafi na takwas, shafin ƙarshe, za ki ga jan rubutu. Wani dogon malamin asibiti mai suna Mutiso ne ya yi shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Tsoho, wannan ba tsutsa ba ce, kuma ta fi ƙarfinmu. Ka kai ta babban asibiti a birni cikin makon nan, su leƙa cikin hanjin." Ke ba ki san yayanki Rading ba sai a labari. Can na kai shi da kumburin ciki yana takawa da ƙafarsa, na dawo da shi a akwati a saman mota. Da na ji an ce birni, akwatin nan na tuna. Na san duk malamin da ya buɗe littafin nan zai ga jan rubutun ya maimaita. Sai na sayi sabon littafi. Na tashi da safe na ce wa mahaifiyarki kakana ya zo mini cikin barci yana jiƙe. Ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya a kan matattu ba. Na sa ki a jirgi na haye da ke wani asibitin a ɗaya gaɓar, inda ba a san mu ba, na ce ga Obondo, ciwon ciki, jiya ya fara. Suka ba mu maganin tsutsa.

Shekara shida ke nan na ci miki, har kika shiga kwaleji kika kai kanki. Ban sani ba ko da na kai ki a lokacin da hanjin ya tsira. Ki tambayi likitocin in sun zauna. In sun ce e, ki faɗa mini, kada ki rage.

Sau da yawa na ɗauko shafin nan zan yage. Hannuna bai iya ba. Ki nuna musu shi kafin komai, don ya fi sauran duka faɗin gaskiya.

Ran Litinin na koma wurin Onyuka. Na ce ya rubuta abin da zan faɗa, ba abin da ake rubutawa ba. Na ce: sunayen nan uku na yarinya ɗaya ne, ni na sa mata su. Na farko gona ta ba ta, na biyu uwata ta roƙa, na uku tsorona ne. Ya ɗaga alƙalami ya ce, "Baba, gwamnati ba ta tambayi wannan ba." Na ce, "Ba gwamnati nake gaya wa ba. Buga hatiminka." Ya buga. Kalmar bogi dai ba ta shiga ba. Na sa hannu da manyan baƙaƙena har suka hau kan hatimin.

Batun kalmar da na ce ta tsaya mini a wuya, na haɗiye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kakanmu da kada ya cire wa hannu, a jana'iza nakan ce ya yi shekara talatin yana tuƙi da hannu ɗaya, mutane su jinjina kai. Ban taɓa jin kunyarsa ba. Nasa dai ana gani ne.

Ga littattafan, sha ɗaya, da takardar cif. Na naɗe su a ɗankwalin, na sa a leda uku, na ce wa Nyaseme ta rungume su a gaban mota, in ta sa su a baya cikin kifi ni da ita har lahira. Ba sharaɗi. Ba sai kin zo ba. Na rufe akwatin ɗazu, ya yi ƙara irin ta abin da ba komai a ciki.

Allah ya ba ki sa'a a gabansu.

Ni ne,
Opondo.


Uyoma,
11 ga Yuli.

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da yaran ajinki. Nan lafiya lau. Dawa ta yi kyau, tsuntsaye sun fi mu murna. Ɗan maraƙin nan ya fara tunkuyi.

Na ji labari, na gode wa Allah. Nyaseme ta fara faɗa tun daga bakin hanya, kafin ta iso kowa ya ji an ɗauke wa Adoyo haraji. Wai na shekara biyar ne, daga nan a sake duba ki. Su a tunaninsu hanji rogo ne, a yanke ya sake tohowa? Ba komai, in muna raye ma sake rantsewa. Ta ce babbar likitar ta daɗe a kan jan rubutun, ta kuma karanta takardar cif sau biyu, sannan ta tambaya ko tsohon yana da rai.

Na ga amsar tambayata a 'yar takardarki. Likitocin sun ce ba wanda ya isa ya sani, ciwon yakan ci hanji ko an kama shi da wuri, amma da kin huta da wahalar wasu shekaru. Na gode da ba ki rage ba. Na kai maganar kabarin mahaifiyarki na faɗa mata duka, har da mafarkin ƙarya.

Na miƙa hannu na ce wa Nyaseme, ina littattafaina? Ta juye kwandonta, ba komai. Har na fara ɗaga murya, sai ta ce, "Sannu, zaki. Ta ce in gaya maka, takarda mai shekara ashirin da bakwai ba ta tafiya cikin kifi. Da hannunta za ta kawo." Na shiga ɗaki na ce hayaƙin girkinta ne ya shiga mini ido. Ko wuta ba ta hura ba.

Kin ce hutun Agusta, in jiki ya yarda. Ba ki sa rana ba, ni ma ba zan tambaya ba. In bai yarda ba, akwai Disamba, mangwaro ma sai lokacin.

Amma ki san abin da ke nan. Tun ranar da littattafan suka tafi na rasa abin yi da hannuna. Jirgina na ƙarshe, wanda ya yi shekara bakwai a kife a gindin ɓaure ban sayar ba, na farke shi. Kin san a al'adarmu 'ya babba ba ta kwana ƙarƙashin rufin ubanta, to na tayar miki da ɗaki naki a tsohon gurbin ɗakin kakarki. Daga cikinsa akwai ƙofa zuwa banɗaki, ba sai kin fita tsakar gida ba. Siminti a ƙasa, tanki a sama, famfo, kwandon shara mai murfi, sakata ta ciki. Na kafa kantar katako daidai tsayin ƙugu don ajiye kayanki, Nyaseme ce ta tsaya na auna da ita, tana cewa, "Ka auna kantar, tsoho, ba ni ba." Katakon jirgi ne, na toshe shi yadda nake toshe jirgi, ko iska ba ta ratsawa balle ido. Dattawa sun zo kallo. Ɗaya ya ce banɗakin Opondo ya fi cocinmu kyau. Na ce ya zo ran Lahadi da sadakar da yake kai wa coci.

Abinci kuwa, abin da kika ce shi za a dafa. Abin da kika bari, ba mai tambaya. Duk wanda ya miƙo miki akushi zai gamu da sandata.

Saura abu ɗaya. Ƙofar ɗakin daga goshin jirgin na fitar da ita, wurin da suna ke zama. Na kankare tsohon sunan, itacen ya fito fari. Fenti na nan, shuɗi, burushi na cikin kananzir. Sau uku na sa miki suna ban tambaye ki ba. Ƙofar za ta zauna haka har ki zo ki faɗa mini da bakinki, in rubuta shi manya-manya, yadda za a hango daga hanya.

Motar safe takan wuce mahaɗarmu kafin la'asar. Akwai dutse a gindin tsamiyar da ke wurin, zama a kansa yana yi wa gwiwata daɗi.

Ki gai da kanki da kyau.

Mahaifinki mai jira,
Elkana Opondo Magak.